Dodo da Ɗakin Nowel a Zangon Wagadugu

Hunturu yana shiga Wagadugu da ƙura da kaushi kamar yadda yake shiga Kano ko Maraɗi, sai dai a nan yakan tarar da kowa cikin hidima. Mosawa sun kammala girbi suna shirin Basga, bikin da sarakuna da masu gida suke yi wa kakanni yanka don godiya. Gwamnati tana da 11 ga Disamba, ranar kafa jamhuriya a 1958. Kirista suna jiran Kirsimeti, wadda a bakinmu sunanta Nowel. Mu kuwa Hausawan zango, lissafinmu na wata ne, ba ruwansa da sanyi ko zafi. Sallarmu kewaya shekara take yi, sai bayan shekara talatin da 'yan kai take sake faɗowa cikin Disamba.

Unguwar da nake magana a kanta ita ce Zangouettin, wato mazaunin Hausawa a harshen Mosawa. Fataken goro ne suka kafa ta, masu bin hanyar Gwanja daga ƙasar Hausa zuwa Salaga, waɗanda suka yada zango a ƙarƙashin inuwar Mogo Naba, daga baya suka ƙi tashi. Sun riga Faransawa, waɗanda suka ci garin a 1896. Sun kuma riga limaman Katolika da ake kira Fararen Fada, waɗanda suka buɗe mishan a 1901. Saboda haka duk abin da ya zo na Nowel, a kan idon zango ya zo.

Fataken nan ba goro da baƙin rini kaɗai suka sauke ba, har da wasan dodo. Duk wanda ya san tashe a Kano zai gane ɗan'uwansa ne. Cikin azumi, bayan an sha ruwa, yara maza sukan fito da fuskokin dabbobi da aka sassaƙa da ƙwarya, da jela, da kacau-kacau na gwangwani a ƙafa, suna bin gida-gida ana ba su tsaba ko 'yan kuɗi. Labarin da ake bayarwa shi ne na wani mutum da ya keta alfarmar rana mai tsarki aka mayar da shi rabi mutum rabi dabba. Daga baya wasan ya tsallake zango, 'ya'yan Mosawa suka karɓe shi, waƙoƙinsa suka koma harshensu, har ya zama na gari gaba ɗaya, ana gasarsa tsakanin unguwanni. Yau za ka sami saurayin da ya yi rawar dodo tun yana ƙarami, amma ka ce masa daga Hausa aka kawo, sai ya yi maka musu.

Abin da mishan ta kawo shi ma bai tsaya a coci ba. Kiresh, wato ɗan ɗakin da ake kwaikwayon wurin haihuwar Annabi Isa (AS), ya fito bakin titi ya koma hannun yara. Da Disamba ta kama sai su fara buga ƙananan tubala da gwangwanin kifi, su gina shi a ƙofar gida, su shafe da farar ƙasa, su yi masa fenti. Wani ya yi coci mai hasumiya, wani ya tayar da bene.

A nan gidajen zango suka rarrabu. Akwai gidan malamai da ba a yarda yaro ya taɓa tubalin ba sam, kuma suna da hujjarsu. Akwai gidan da maigida yake kawar da kai, muddin ba a sa mutum-mutumi a ciki ba. A layinmu har da yaran da suka warware matsalar da kansu, suka ɗora wa nasu ginin wata da tauraro suka ce masallaci ne. Abinci kuwa bai cika jawo gardama ba. Maƙwabci Kirista yakan kira Musulmi ya yanka masa kaji ko rago, don kwanon da zai aika ranar 25 ya ciyu. Ranar salla kwanon nan ya koma da tuwon shinkafa. Ban taɓa jin an kira wannan da wani babban suna ba, maƙwabtaka ce kawai, kuma a ganina ta fi yawancin tarukan zaman lafiya da muke watsawa a rediyo aiki.

Shekaru uku a jere abubuwan biyu suka haɗu. A 2000 ƙaramar salla ta zo kwana biyu ko uku bayan Nowel, a 2001 a tsakiyar Disamba, a 2002 a farkonta. Ina yaro a lokacin. Da rana ana kwaɓa laka, da dare a ɗaura jela, sau da yawa yaran su ne dai su. Dodo yana rawa a gaban kiresh da kyandir a ciki, sanyi yana yanka ƙafa, tsofaffi suna jin wuta suna dariya.

Su ne kuma hunturun ƙarshe na unguwar. A 2001 gwamnati ta sanar da shirin ZACA na mayar da tsakiyar birni wurin kasuwanci da ofisoshi. Mutane sun yi turjiya, an yi taho-mu-gama da jami'an tsaro, amma a 2003 aka rushe Zangouettin tare da Tiedpalogo da Peuloghin da wasu sassan maƙwabta. Sama da mutum 12,000 aka tayar, aka ba da filaye a gefen Ouaga 2000 da Nioko. An biya diyyar gini. Ba a biya ta layi ba, domin dodo da kwanon salla duka suna bukatar ƙofa kusa da ƙofa, da mutanen da suka san kakan juna. Shekara da shekaru filin ya zauna fayau, ciyawa tana fitowa inda aka yi zaure.

A ƙarshen Disambar 2030 azumi zai sake kamawa cikin sanyi, a 2033 kuma salla za ta zo dab da Nowel. Yaran da za su fafe ƙwarya a lokacin a sababbin unguwanni aka haife su, inda gidaje suke da katanga mai tsawo da ƙofar ƙarfe, kuma zuwa gidan tsohon maƙwabcin kakansu sai an hau babur.