Shinkafar Kabi, Daga Girbi Ɗaya Zuwa Biyu

Tun kaka da kakanni Kabawa ke noman jar shinkafa a fadamar gulbi, daga Argungu har Birnin Kebbi. Wannan shinkafa 'yar asalin Afirka ce, tana kuwa da wani hali na ban mamaki. In gulbi ya kawo ruwa, sai ita ma ta yi ta ƙara tsawo, kanta na bisa ruwa. Amma fa ba ta fid da kai sai yini ya soma gajarcewa, damina ta ja baya. Ko da wuri aka shuka ta, sai ta jira lokacinta. Saboda haka girbi ɗaya ne rak a shekara.

A cikin 1953 gwamnati ta kafa ma'aikatar binciken shinkafa a Badeggi, aka shiga gwada irin Asiya. Daga baya aka sami gajerun iri, kamar FARO 44, waɗanda ba ruwansu da tsawon yini, cikin wata huɗu sun nuna. Da injin ban ruwa ya yawaita, sai manomi ya girbe ta damina, ya koma ya dasa ta rani. A watan Nuwamba 2015 Shugaba Buhari ya zo Birnin Kebbi ya buɗe shirin ba manoman shinkafa rance.

To, gajeren iri bai iya iyo ba. Da ambaliyar 2020 ta zo, gonaki masu ɗimbin yawa suka nutse tun shinkafa ba ta nuna ba.