Daga katambiri zuwa injin feshi: tarihin kwalliyar amare a bakin wata 'yar Gumel

A cikin masu yi wa amare kwalliya a Gumel akwai wata dattijuwa da 'yan koyo ke kira Inna. Bana ta ajiye sana'ar saboda ido ya fara gajiya. Ba mai yawan magana ba ce, amma wata ɗalibarta ta tsokano ta da tambaya: wai idan mutum ya mallaki injin feshin kwalliya, me kuma zai yi da koyon dilka da ƙunshi? Tambayar ta ƙona mata rai, domin ta san ba yarinyar kaɗai ke wannan tunani ba.

Inna ba ta gaba da injin. Da furfurarta ta je Kano ta koyo shi, kuma har yau tana alfahari da haka. Sassauta iska, ɗiga hodar ruwa kaɗan a ɗan kofin bindigar feshin, ja da baya kamar santimita 15 daga fuska, kada hannu ya tsaya wuri guda: wannan a wurinta karatun 'yan makonni ne, duk mai natsuwa za ta iya shi a kan farar takarda. Abin da takarda ba ta koyarwa shi ne fata. Feshi siriri ne, ba ya rufe aibi yadda hoda mai kauri ke yi. Da hunturu, lokacin da iskar arewa ke busar da fuska har ta yi furu-furu, launin kan ɓawon fata yake sauka, ya ƙara fito da shi. Gashin gefen kunci ma sai ya miƙe ya yi fari a hoto. Don haka take cewa amaryar da za a yi wa feshi ta fi kowa bukatar halawa da dilka tun ana saura kwanaki.

Wannan ido na gane fata ba a Kano ta samo shi ba. A hannun wata alwanka ta samo shi, tsohuwa daga wani ƙauyen Sule Tankarkar, tun Gumel na cikin jihar Kano, kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991. A wancan zamani amarya kan yi kwanaki a lalle, hannu a cikin zunguru, ƙafa a ƙunshe. Ranar Alhamis tsohuwar kan tafi da ita kasuwar Maigatari sayen lalle da kwalli, ta murza garin a tafin hannu ta shinshina kafin ta yi ciniki.

Amma katambiri ne Inna ta fi daɗewa a kansa. Ruwan ɗan itacen ake dangwalowa da tsinke a ja layi a goshi ko a jera ɗigo a kunci, kuma in ya kama fata sai ya yi kwanaki, babu gogewa, babu gyara. Tsohuwar ba ta barin 'yar koyo ta taɓa fuskar mutum sai ta daɗe tana zane a bayan ƙwarya. Kafin ta ja layi ɗaya sai ta juya fuskar yarinya zuwa hasken ƙofa, ta dubi faɗin goshi da tudun kunci, ta yi shiru kamar ta manta abin da ya kawo ta. Inna ta ce wannan tsayawar ce ta ɓace a sana'ar, tun ma kafin katambirin kansa ya ɓace.

Da ta zo nan sai ta tsallake shekaru ta faɗa labarin wata amarya a Gagarawa, cikin tsananin zafin bazara. An ɗauko wata sabuwar mai kwalliya da injinta, ta zaɓi launin da ya ɗara fatar yarinyar haske nesa ba kusa ba, ta feshe fuska ta bar wuya da kunnuwa. Gwaggon amarya ta leƙo ta ce ba 'yarsu ba ce wannan. Da la'asar aka aiko wa Inna mota. Ta wanke komai, ta haɗa launi biyu a kofin har ya dace da ƙirjin yarinyar, ba goshinta ba, sannan ta fesa sama-sama.

Ta san asalin injin, kuma tana so ɗalibai su sani. Don kyamara aka raya shi: kamfanonin Dinair da Temptu na Amurka duk a 1981 suka fara, kuma kasuwarsa ta buɗe ne da zuwan kyamarori masu tona kowane layin buroshi. A Legas, House of Tara da aka kafa a 1998 na cikin waɗanda suka mai da kwalliyar amare sana'ar da ake shiga aji a koya. Finafinan Kano da Instagram suka ƙarasa kawo yayin har ƙasar Lautai, wato Gumel. Sai dai waɗanda suka ƙera shi ba su yi lissafin alwala ba. Hoda mai silikon ba ta barin ruwa ya taɓa fata, saɓanin lalle da launi kawai yake bari. Shi ya sa Inna ba ta kunna inji sai ta tambayi amarya ko ta yi alwala, wani lokacin ma ta sa a jira a idar da salla.

Ɗalibar da ta yi tambayar ita ce ta gaji shagon Inna, bisa sharaɗin sai ta iya kwance bindigar ta wanke allurarta bayan kowace fuska, ta kuma iya haɗa launin baƙar fata ba tare da ya yi toka-toka ba. Ta cika sharaɗin. Abin da har yanzu suke ja-in-ja a kai shi ne farashi: yarinyar na karɓar kuɗin feshin rabin awa fiye da na dilkar mako guda, tana cewa haka kasuwa take, Inna kuwa ta ce 'yata, wannan ba da yawuna ba.