Yaji da sauran kayan ƙarin ɗanɗano a gidajen abinci na Barnawa

Kayan ƙarin ɗanɗano su ne abubuwan da mai gidan abinci yake ajiyewa a kan teburi, ko ya kawo su tare da kwanon abinci, domin mai ci ya ƙara da hannunsa gwargwadon son ransa. Sun bambanta da kayan miya, waɗanda ake zubawa tun abinci yana kan wuta. A Barnawa, unguwar da ke kudancin Kogin Kaduna a ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu, yaji ne kan gaba a cikinsu. Bayansa akwai man gyaɗa, man shanu, gishiri, albasa da lemon tsami, sai kuma kecaf da mayonis a gidajen abinci na zamani.

Yanayin unguwar

Barnawa unguwa ce ta ma'aikata da 'yan kasuwa, tana maƙwabtaka da Narayi da Kakuri. Hausawa da Gbagyi da ƙabilun kudancin jihar Kaduna da Yarbawa da Ibo duk suna zaune a cikinta, don haka wuraren cin abincinta iri-iri ne. Akwai masu tuwo da masa, akwai bukoki masu sakwara da teba, akwai masu gasa kifi da masu tsire da ke fitowa da yamma, ga masu shayi, ga kuma gidajen shawarma da soyayyar kaza. Abin da ake sa ran samu a teburi ya danganta da irin wurin da aka shiga.

Yaji

Yaji gari ne da ake dakawa daga busasshen barkono tare da citta da gishiri da dunƙulen Maggi ko makamancinsa. Wasu suna ƙara tafarnuwa, masoro, kimba ko kanumfari. Kowace mai abinci da nata haɗin, kuma ba kasafai ake bayyana ma'auninsa ba, domin sau da yawa daɗin yaji ne yake riƙe mai saye.

Ire-irensa da aka fi sani uku ne. Yajin ƙuli-ƙuli shi ne na masu nama: ana haɗa shi da garin ƙuli-ƙuli, a shafa wa tsire kafin gashi, a kuma barbaɗa wani a gefen takarda tare da albasa da tumatir da kabeji. Yajin daddawa yana tafiya da tuwo da miyar kuka ko kuɓewa, kuma daddawarsa daga kalwa ake yin ta, wato 'ya'yan ɗorawa. Yajin tafarnuwa kuwa ya fi dacewa da shinkafa da wake, ɗanwake, taliya da dafaffen ƙwai. Ana ajiye yaji a ƙaramar roba mai murfi da cokali a ciki, kuma ba a karɓar kuɗinsa daban. Wanda ya sayi abinci zai tafi da shi, akan ɗaure masa yajinsa a leda.

Barkonon da yake ginshiƙin yaji ba ɗan asalin Afirka ba ne. Daga nahiyar Amurka ya fito, ya bazu a duniya bayan shekarar 1492, ya iso gaɓar Afirka ta Yamma ta hannun fataken Fotugal. Kafin zuwansa, masoro da kimba da citta mai 'ya'ya, waɗanda duk tsirran yankin ne, su suke ba abinci zafi. Kanumfari asalinsa tsibiran Maluku ne na Indunusiya. Citta mai yatsu kuwa a gida ake noma ta, domin ƙananan hukumomin Kachia da Jaba da Kagarko na jihar Kaduna su ne cibiyar nomanta a Najeriya. A daminar 2023 wata cuta ta afka wa gonakin citta a yankin, amfanin ya lalace sosai, farashinta ya tashi a kasuwannin Kaduna da sauran garuruwa.

Mai

A abincin Hausa yaji bai cika tafiya shi kaɗai ba. Garau-garau, ɗanwake, dambu da dafaffiyar doya duk da mai da yaji ake cin su, kuma man gyaɗa da aka soya da albasa ne aka fi amfani da shi. Manja yana shigowa a wake da gasasshiyar doya. Man shanu na tuwo ne: ana soya shi har ya narke ya yi ƙamshi, sannan a zuba cokali ɗaya ko biyu a kan miya. Saboda tsadarsa, yawancin masu tuwo ba sa barin sa a teburi. Sai mai ci ya nema, a wasu wuraren ma ya ƙara kuɗi.

Gishiri da lemon tsami

Gishiri tsohon kayan fatauci ne a ƙasar Hausa. Ayarin raƙuman Buzaye sun daɗe suna kawo shi daga Bilma da ke arewa maso gabashin Nijar zuwa kasuwannin Kano da Katsina. A yau farin gishirin leda ne a teburi, kuma tun 1993 doka ta wajabta sanya masa sinadarin ayodin a Najeriya domin rigakafin ciwon maƙoƙo. Al'adar Turai ta jera gishiri da baƙin masoro a kwalabe biyu ba ta yi tasiri ba sai a ɗakunan cin abinci na otal-otal, tunda yaji ya riga ya ƙunshi gishiri da zafi a haɗe. Lemon tsami ana yanka shi ne a kawo tare da gasasshen kifi ko farfesu, galibi da jajjagen attaruhu a gefe.

Kayan zamani

Kecaf da mayonis sun shigo ne tare da soyayyen dankalin turawa, haɗin kabeji da karas, da shawarma, wadda asalinta abincin Gabas ta Tsakiya ce. Kamfanin Heinz na Amurka ya fara sayar da kecaf ɗin tumatir a 1876. Mayonis an fi saninsa da sunan Bama, samfurin da ya fi yaɗuwa a kasuwa. Duk da haka ba su kori yaji ba. A gidajen soyayyar kaza ma akan nemi a kawo shi. A teburin mai shayi kuma jerin daban ne: sukari, madara, bota da Bama na shafa wa burodi, da yaji na zubawa a kan soyayyen ƙwai da Indomie.

Lafiya da tsabta

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana. Yaji yana ɗauke da gishiri da dunƙule, waɗanda ake ƙarawa a kan wanda ke cikin miya, shi ya sa likitoci suke gargaɗin masu hawan jini su rage shi. Gyaɗar da ta yi fumfuna a ajiya tana iya ɗaukar gubar afalatoksin mai lahani ga hanta, kuma gubar tana bin ƙuli-ƙulin da aka yi da ita. Yajin da danshi ya shiga yana dunƙulewa ya canza wari, saboda haka ake rufe shi a kuma ɗebe shi da busasshen cokali. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ce take yi wa yaji da mai da gishirin da aka ƙunsa domin sayarwa rajista. Yajin da mai abinci ta daka domin teburinta ba ya ɗauke da lambar hukumar, ingancinsa ya rataya ne a kan tsabtar mai yin sa.