Makaranta Kafin Masana'anta: Tarihin Jiragen Farfela na Ƙasar Birazil



Maganata a yau ita ce yadda Birazil, ƙasar da a da aka fi saninta da gahawa da rake, ta zama mai ƙera jiragen sama.

Da farko ya kamata mu san irin jirgin da muke nufi. Injinsa ɗan'uwan na jet ne, sai dai ƙarfinsa farfela yake juyawa. Bai kai jet gudu ba, amma bai kai shi shan mai ba, kuma gajeren fili ya ishe shi tashi da sauka. Don haka ya dace da zirga-zirga tsakanin ƙananan garuruwa, ya kuma dace da koyar da matuƙan soja.

To, Birazil da makaranta ta soma. A 1950 ta kafa cibiyar koyar da injiniyoyin jirgin sama, watau ITA, wadda mazauninta ke São José dos Campos. Sai a 1968 jirginsu Bandeirante ya fara tashi, a ƙarƙashin jagorancin Ozires Silva, hafsan sojan sama wanda shi ma a nan ya yi karatu. A 1969 gwamnati ta kafa kamfanin Embraer don ƙera shi. Injin kuwa, PT6, daga Kanada suka saya, ba su kuma ɗauki hakan abin kunya ba. Jirgin ya fara aiki a 1973, shekarar da farashin mai ya yi tashin gwauron zabo, aka kuwa ƙera kimanin 500.

Da irin wannan inji suka fito da Tucano a 1980, jirgin koyo mai kujera biyu, ɗalibi a gaba, malami a baya. Masar ta saya. A 1985 ita kanta Ingila ta zaɓe shi, aka riƙa ƙera nata a Belfast da wani injin daban. Ƙaninsa ne Super Tucano, wanda Nijeriya ta karɓi guda 12 a 2021.

Jama'a, daga 1950 zuwa 1985 shekara 35 ke nan. A tsakani soja sun karɓi mulki a 1964, farar hula sun dawo a 1985, amma makarantar nan tana nan tana yaye ɗalibai. Ku da za ku riƙa tsara kasafin kuɗi, ku tuna da wannan ranar da aka ce ku rage kason makarantu.