Tarihin daidaita launin hoto a intanet

A cikin kwamfuta, hoto tarin lambobi ne. Kowane ɗigo yana ɗauke da lamba uku, ta ja, ta kore da ta shuɗi, galibi daga 0 zuwa 255. Sai dai lambar ba ta fayyace wane irin ja ake nufi ba, allon da ya karanta ta shi ke yanke hukunci. Kamar mudu ne: suna ɗaya, amma abin da yake ci a wannan kasuwa daban, a waccan daban.

Tun kafin zuwan kwamfuta aka fara neman ma'auni. A 1931 hukumar awon haske ta duniya, CIE, ta tsara jadawalin launukan da idon ɗan Adam ke iya gani, bisa gwajin da David Wright da John Guild suka yi a Ingila da mutum 17 kacal. Har yau a kan wannan tubali ake gini.

Da intanet ya bazu a shekarun 1990, sai abin ya dagule. Allo da yawa launi 256 kaɗai suke iya nunawa, har masu tsara shafuka suka taƙaita kansu ga 216 da ke fitowa iri ɗaya a ko'ina. Kwamfutocin Apple, wato Mac, kuma sun fi na Windows haskaka hoto, don haka hoton da aka gyara tsaf a Mac yakan dushe da duhu a Windows. A 1993 kamfanoni takwas, ciki har da Adobe, Apple, Kodak da Microsoft, suka kafa ƙungiyar ICC, wadda ta fito da ɗan bayanin da ake liƙa wa hoto don a san ma'anar lambobinsa. Dabarar ta yi kyau, amma manhajojin buɗe shafuka sun daɗe suna yin biris da shi.

Mafita ta zo a 1996, lokacin da HP da Microsoft suka gabatar da tsarin sRGB, hukumar ma'aunin kayan lantarki ta duniya, IEC, kuma ta amince da shi a 1999. Hikimarsu ita ce ba su nemi allo mafi kyau ba. Gama-garin allo mai ƙeya da ke kan teburin kowa suka mayar ma'auni, shi ya sa tsarin ya karɓu ba tare da an sayi sabuwar na'ura ba.

Sauƙin ya zo da asara. Akwai kore mai ƙarfi da shuɗi-kore da sRGB ba ya ɗauka, abin da ya sa masu aikin ɗab'i suka rungumi Adobe RGB na 1998. Idan aka ɗora hoton Adobe RGB ba tare da bayaninsa ba, manhaja za ta ɗauke shi a matsayin sRGB: jan riga ya koɗe, fatar mutum ta yi toka-toka.

Apple ya daidaita haskensa da na Windows a 2009, daga 2015 kuma ya fara fitar da allo mai tsarin Display P3, wanda ya fi faɗi. Duk da haka, ƙa'idar intanet ita ce hoton da ba shi da bayani sRGB ne. Shi ya sa masu hoto ke juya aikinsu zuwa sRGB, su liƙa masa bayanin, kafin su ɗora.