Ilimin rarraba halittu

Ilimin rarraba halittu, wanda ake kira taksonomi, reshe ne na kimiyyar halittu da ke kula da tantance abubuwa masu rai, da raɗa musu suna, da kasa su rukuni-rukuni gwargwadon dangantakarsu.

Tarihi

Tun zamanin da, masanin Girka Aristotle ya raba dabbobi gida biyu: masu jini da marasa jini. Tsarin da ake bi yau kuwa ya samo asali ne daga Carl Linnaeus (1707–1778), ɗan ƙasar Suwidin. Kafin shi, sunan tsiro ɗaya kan zama doguwar jimla ta Latin mai siffanta ganye da fure. Shi ya mayar da sunan kalma biyu, ga tsirrai a littafinsa Species Plantarum na 1753, ga dabbobi kuma a bugu na 10 na Systema Naturae a 1758.

Linnaeus ya dogara ne da kamannin zahiri, har ya sa jemage a rukuni ɗaya da birai da ɗan Adam. Bayan littafin Charles Darwin na 1859, sai masana suka koma haɗa halittu bisa tushen da suka fito. A yau binciken ƙwayoyin gado ne babbar hujja.

Ƙa'idar suna

Kalmar farko tana nuna jinsi, ana fara ta da babban harafi; ta biyu tana nuna nau'i. Kuka ita ce Adansonia digitata, don tunawa da Bafaranshe Michel Adanson wanda ya yi nazarinta a Senegal. Jinsuna masu kusanci sukan haɗu su zama dangi, a yi ta hawa har zuwa masarauta. Idan halitta ɗaya ta sami sunaye biyu, wanda aka fara wallafawa bisa ƙa'ida shi ake ɗauka.

Rikicin sunan Acacia

Wannan fifiko ba kullum yake tsayawa ba. Bincike ya nuna cewa itatuwan da ake kira Acacia ba tushensu ɗaya ba, dole a raba su. Bisa ƙa'ida, sunan zai zauna ne ga rukunin bagaruwa, domin ita ce ma'aunin jinsin. Amma a Ostiraliya akwai nau'i kusan 1,000 da ke amsa sunan, kuma sauya musu duka aiki ne ja. Taron masana tsirrai na duniya a Vienna a 2005 ya bar wa na Ostiraliya sunan, taron Melbourne na 2011 ya tabbatar, duk da ƙorafin masana da dama, musamman na Afirka.

Da haka bagaruwa, wadda majema ke jima da 'ya'yanta, ta koma Vachellia nilotica, ɗakwara mai ba da ƙaro kuma ta zama Senegalia senegal. Gawo dama an riga an ware shi a matsayin Faidherbia albida. Ɗalibin da ke neman bayani kan waɗannan itatuwa sai ya bincika da sunayen biyu, domin tsofaffin littattafan gandun daji suna nan da Acacia.