Na'urar neman zinariya: yadda ake aiki da ita ba tare da an lalata ƙasa ba

Na'urar gano ƙarfe, wadda ake kira détecteur de métaux da Faransanci, wata sanda ce mai faifai a ƙasanta da ake shafawa a saman ƙasa. Idan faifan ya bi ta kan wani ƙarfe da ke binne, sai ta yi ƙara. A Turai da Amurka galibi abin sha'awa ce, mutum ya fita gona ranar hutu yana neman tsoffin kuɗi. A Sudan da Cadi da Nijar kuwa hanyar neman abinci ce, kuma ita ta kai dubban matasa cikin Sahara, har da Hausawa da dama. Na'urar ba ta ɓata komai da kanta. Ɓarnar tana zuwa ne daga ramin da aka haƙa bayan ta yi ƙara, da sharar da aka bari, da abin tarihin da aka fasa.

Yadda take aiki

A cikin faifan akwai waya a nannaɗe. Wutar batir tana bi ta wayar ta haifar da ƙarfin maganaɗisu da ke ratsa ƙasa. Idan ya tarar da ƙarfe, ƙarfen yakan mayar da wata alama, na'urar ta juya ta zuwa sauti a kunnen mai nema. Zinariya da azurfa da tagulla da baƙin ƙarfe duk suna amsawa, haka ma gwangwani da harsashi. Ƙaramin ƙwayar zinariya ba a jin sa sai yana kusa da saman ƙasa, kuma ko babban dunƙule da wuya a ji shi idan ya wuce zurfin mita ɗaya. Wannan iyaka ce ta sa wasu ke kawo katafila ta kankare saman ƙasa, a bi da na'ura, a sake kankarewa.

Asalin yaɗuwarta aikin soja ne. A 1941 wani hafsan sojan Poland, Józef Kosacki, ya ƙera wadda ake ɗauka a hannu don gano nakiyoyi, aka yi amfani da ita a yaƙin El Alamein a hamadar Masar a 1942.

Yadda ta shigo Sahara

Rububin ya fara ne a Sudan wajajen 2010, ya ƙaru bayan ballewar Sudan ta Kudu a 2011, lokacin da ƙasar ta rasa mafi yawan man feturinta. A 2012 aka buɗe Jabal Amir a Darfur ta Arewa. Daga nan sai Tibesti a arewacin Cadi a 2013, sai Jado da Cibarakaten a jihar Agadas a 2014, sai yankin Batha na Cadi da kuma Muritaniya a 2016. Gwamnatin Nijar ta rufe Jado a 2017. A kusan duk waɗannan wurare da na'urar aka fara, kafin a kai ga haƙa rijiyoyi masu zurfi da niƙa dutse.

Ɓarnar da ake yi

Ƙasar hamada ba ta saurin warkewa. Inda ake samun ruwan sama sosai, damina biyu ko uku na iya shafe ƙaramin rami. A Sahara kuwa sawun mota kaɗai yana iya daɗewa shekaru masu yawa. A wurare da dama saman ƙasa yana da ɓawon tsakuwa da ke riƙe ƙurar da ke ƙarƙashi, kuma da zarar an fasa shi iska ta samu abin kwasa. Ramin da aka bari a buɗe yana karya ƙafar raƙumi da akuya, yana kifar da babur da daddare.

Sansanin masu nema shi ma yana da nasa nauyi. Ana sare 'yan itatuwan ƙaya da aduwa da ke bakin korama don girki, itatuwan da suka yi shekaru da dama kafin su kai tsayin mutum. Ana farautar barewa don nama. Ana barin leda da gwangwani da matattun batura, kuma batirin mota yana ɗauke da dalma da ruwan asid.

Abin da ba ya gyaruwa ko kaɗan shi ne wurin tarihi. A 2020 masu binciken kayan tarihi na Sudan suka tarar da masu neman zinariya sun shiga Jabal Maragha, a hamadar Bayuda, da manyan injinan haƙa. Wurin ya kai kusan shekara 2000, tun zamanin daular Meroe. Sun bar rami mai zurfin mita 17, kuma kusan babu abin da ya rage na tsohon ginin. Irin waɗannan wurare suna da yawa a yankinmu: zanen duwatsu na Ennedi a Cadi, raƙuman dawa da aka sassaƙa a dutsen Dabous a Nijar, da tsohuwar maƙabartar Gobero a Tenere.

Ƙa'idojin aiki

Ingila da Wales suna da rubutacciyar ƙa'ida ga masu wannan nema tun 2006, aka sabunta ta a 2017. An rubuta ta ne don gonakin Turai, amma yawancin abin da ke ciki yana aiki a ko'ina, in an daidaita shi da yanayin wuri.

Na farko, a nemi izini. Babu ƙasar da ba ta da mai ita, ko da ba a ga gida ko shinge ba. Gona tana da manomi, makiyaya da rijiya suna da al'ummar da ke amfani da su, ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa kuma a dokokin ƙasashen yankin mallakar gwamnati ne. Wanda ya tsallaka iyaka ya tambayi hukumar ma'adinai ta ƙasar da ya shiga, domin takardar ƙasarsa ba ta aiki a can.

Na biyu, a kauce wa wuraren da aka keɓe. Gandun Ayar da Tenere yana cikin jerin wuraren gadon duniya na UNESCO tun 1991, Ennedi kuma tun 2016. Maƙabarta da kufai da bakin rijiya da burtalin dabbobi su ma ba wurin haƙa ba ne.

Na uku, a ƙanƙanta rami. Kafin a sa diga, a shafa faifan daga gabas zuwa yamma, sannan daga kudu zuwa arewa, inda layukan biyu suka haɗu nan abin yake. A ware ƙasar sama gefe guda, ta ƙasa a zuba a kan buhu. Inda akwai ciyawa, a yanke ta da saiwarta a ajiye. Kada a haƙa a gindin itace.

Na huɗu, a cike ramin kafin a matsa gaba: ƙasar ciki ta fara komawa, ta sama ta biyo baya, a taka da ƙafa. Aikin minti biyu ne, amma wanda ya ce sai ya dawo, ba ya dawowa.

Na biyar, a kwashe shara. Duk gwangwani ko ƙusar da aka tono a saka a jaka. Wannan ma riba ce ga mai nema, don ba zai sake ɓata lokaci a kanta ba. Batir kada a jefar, kada a ƙone, a mayar da shi gari wajen masu sayen tsoffin batura. A bi sawun motar da ta riga ta wuce maimakon buɗe sabuwar hanya, a riƙa tafiya da gas ko gawayin da aka saya.

Na shida, a nisanta zaiba da ruwa. Dunƙulen da na'ura ta gano ba ya bukatar sinadari. Sai an koma niƙa dutse ake shigo da zaiba, wadda hayaƙinta ke lalata ƙwaƙwalwa da ƙoda, kuma ba ta ruɓewa a ƙasa. Saboda ita aka ƙulla yarjejeniyar Minamata a 2013, ta fara aiki a 2017.

Idan aka ci karo da abin da ba zinariya ba

Arewacin Cadi har yanzu yana da nakiyoyi da bama-baman da ba su fashe ba tun yaƙin ƙasar da Libiya a shekarun 1980, haka ma wasu sassan arewacin Nijar. Na'urar ba ta bambanta su da dukiya. Wanda ya ga ƙarfe mai siffar da bai gane ba ya tsaya, kada ya taɓa, ya koma ta sawunsa, ya sa alama daga nesa, ya sanar da jami'an tsaro.

Idan tukwane ne ko ƙasusuwan mutane ko tsoffin kayan ado, a daina haƙa, a ɗauki hoto, a rubuta wurin da wayar salula, a kai labari ga hukuma ko gidan adana kayan tarihi. Darajar irin waɗannan kaya tana cikin inda aka same su da abin da ke kewaye da su. Munduwar da aka narkar ta zama gram kaɗan a sikelin mai saye, labarin mutanen da suka ƙera ta kuma ya tafi ke nan.

A Ingila dokar 1996 ta wajabta wa wanda ya sami taska ya bayyana cikin kwana 14. Da wani mai nema ya gano taskar Staffordshire a 2009, mai ɗauke da zinariya kusan kilo 5, ya bayyana, gidajen tarihi suka saye ta kan fam miliyan 3 da ɗoriya, aka raba kuɗin tsakaninsa da mai gonar. A Faransa kuwa tun 1989 doka ta hana neman kayan tarihi da na'urar sai da izinin hukuma. Dokokin sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma abin da ake nema daga mai na'ura iri ɗaya ne: makiyayin da zai biyo bayansa da garke ya sami ƙasar yadda ya san ta.